Ku Tambaya Mu Amsa: Rokar da ke Zuwa Sama ta Dawo da Ƙafarta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo a kan abu ɗaya suka taru, wato kumbunan kamfanoni masu zaman kansu da ke kai mutane da kaya sama su dawo a sake amfani da su, shi ya sa na haɗe su wuri guda. Na ɗan rage tsawon wasu saƙonnin, masu su a yi min afuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni bakanike ne a Kaduna, wani yaron garejinmu ya nuna mana bidiyo a waya wai roka ta je sama ta dawo ta sauka a tsaye kamar an dasa ta. Musu ya kaure, wasu sun ce bidiyon tashinta ne aka juya shi baya, ni dai na tsaya a tsakiya. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne ya ake yi dogon ƙarfe haka bai kife ba?

AMSA: Oga gaskiya ne, kuma ka ce wa masu musun su sake kallon bidiyon su lura da hayaƙi, in juya shi aka yi za su ga hayaƙin yana komawa cikin injin, sannan su dubi jikin rokar, wadda za ta tashi a karon farko fara ce tas, wadda ta dawo kuwa ta yi baƙi da toka kamar gindin tukunya. Mutanen da ke zaune kusa da Cape Canaveral a jihar Florida da idonsu suke gani, har ƙarar saukowarta tana girgiza musu tagogi.

Rokar da ka gani kusan tabbas Falcon 9 ce ta kamfanin SpaceX wanda Elon Musk ya kafa a 2002. Tsawonta wajen mita 70, kuma gida biyu ce. Na ƙasa shi ne babba, injuna 9 ne a gindinsa, suna shan wani tataccen kananzir haɗe da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Bayan kamar minti biyu da rabi da tashi sai na ƙasan ya kashe injunansa ya saki na saman, shi na saman ya ci gaba da kaya ko mutane, to wanda ke dawowa ɗin shi ne na ƙasa. A da kusan kowace roka a duniya haka ake barin wannan ɓangaren ya faɗa teku ko daji shi ke nan, ka ga kamar a sayi sabuwar tirela a yi lodi ɗaya da ita a cinna mata wuta, alhali man da ta sha bai kai ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin tafiyar ba, tsadar duk tana jikin injuna da gangar jiki ne.

Yadda take dawowa kuwa, da farko wasu ƙananan bututu na fesa iskar naitirojin su juya ta gindinta ya fuskanci inda za ta, sai a sake kunna injuna uku don rage gudu kafin ta shigo cikin iska mai kauri kada zafi ya cinye ta, sannan akwai wasu fukafukai guda huɗu masu kama da rariya a wuyanta da ke karkata ta hagu da dama, duk kwamfutar cikinta ce ke wannan lissafin babu mai riƙe da sitiyari a ƙasa. Dab da ƙasa sai injin tsakiya ya kama, ƙafafu huɗu su buɗe. Wurin da ni ya fi burge ni, kuma kai da ka san inji za ka gane nauyinsa, shi ne a lokacin tankinta ya kusa zama wayam, ta yi sakayau har injin ɗaya tak ko an rage masa wuta iya ragewa ya fi ƙarfin nauyinta, don haka ba ta iya tsayawa cak a iska ta gyara zama kamar helikwafta, dole gudunta ya ƙare daidai lokacin da ƙafarta ta taɓa ƙasa, in ta yi saurin kunna injin za ta tsaya a sama ta fara komawa, in ta makara kuma ta daki ƙasa. Duka-duka daga tashi zuwa sauka minti takwas zuwa tara ne.

Kuma ba dare ɗaya aka kai nan ba, a 2015 an yi ta gwadawa tana faɗuwa tana fashewa a kan jirgin ruwan da aka tanada mata, sai ranar 21 ga Disamban 2015 ta sauka lafiya a kan tudu, a Afrilun 2016 ta sauka a kan jirgin ruwa mara matuƙi a Tekun Atlantika, a Maris 2017 kuma aka sake harba wadda ta taɓa zuwa. Yanzu akwai waɗanda suka yi sawu sama da 20. Amma kar a ce maka duka rokar ce ke dawowa, ɓangaren saman har yau asararsa ake yi a kowace tafiya, saboda shi sai ya kai gudun kilomita wajen 28,000 a awa ɗaya, dawo da shi na buƙatar garkuwar zafi da ƙarin mai, kuma duk kilo ɗaya da aka ƙara masa kilo ɗaya ne ya ragu a kayan da aka biya kuɗin kaiwa. Wannan matsalar ce SpaceX ke fama da ita da katuwar rokarsu Starship da suke gwaji a Texas, wadda a Oktoban 2024 suka cafe ɓangarenta na ƙasa da wasu hannayen ƙarfe na jikin hasumiya.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a Maraɗi. Na ji cewa kumbon da mutane ke shiga ma na hannu ne, wani ya hau ya sauka a wanke a ba wani. Ni abin ya ɗaure min kai, ran ɗan adam fa ake magana, ba ganganci ba ne wannan?

AMSA: Malama tambayarki ita ce ta fi tsaya min a rai a duk saƙonnin, don tsoron nan naki yana da tushe, an taɓa gwada wannan abu an sha wuya. Amurka ta yi shekara 30 tana amfani da kumbo mai fukafukai da ake kira Space Shuttle, daga 1981 zuwa 2011, sawu 135, yana tashi kamar roka ya sauka a titin jirgi. An yi wa jama'a alkawarin zai yi arha ya riƙa zirga-zirga kusan kowane mako biyu, amma shekarar da ya fi ƙoƙari, 1985, sawu 9 kacal ya yi, saboda duk dawowa sai an shafe watanni ana kwance injuna ana duba tayil-tayil ɗin kare zafi sama da 20,000 da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ga rayuka 14 da suka salwanta, bakwai a kumbon Shuttle mai suna Challenger a Janairun 1986 lokacin da sanyi ya sa wata roba mai toshe mahaɗar roka ta ƙi riƙewa, bakwai a ɗan'uwansa Columbia a Fabrairun 2003 bayan wani guntun soso ya ɓalle wajen tashi ya huda fiffikensa na hagu, da ya zo dawowa zafi ya shiga ta ramin. Ki lura a duka biyun injiniyoyi sun ga alamun matsalar tun kafin ranar, aka saba da ganinta har aka daina jin tsoronta. Ni a ganina haɗarin yana nan ne, a sakacin masu dubawa da gaggawar shugabanni, fiye da yadda yake a tsufan ƙarfe.

Bayan an ajiye Shuttle sai Amurka ta koma sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, farashin ya yi ta hawa har ya haura dala miliyan 80 kowace kujera. Wannan ya sa NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta canja salo, maimakon ta ƙera nata sai ta ba da kwangila kamar mai ɗaukar shatar mota, a Satumban 2014 ta ba Boeing dala biliyan 4.2, ta ba SpaceX biliyan 2.6, kuɗi a yanke, in kun wuce haka ku cika daga aljihunku.

Na SpaceX sunansa Dragon, kuma an koyi darasi wajen ƙera shi. Na farko a can ƙololuwar roka yake zaune, babu abin da zai ɓalle daga sama ya dake shi. Na biyu yana da injuna 8 na gudun tsira a jikinsa, in rokar ta samu matsala sai su fizge shi da mutanen ciki su yi nesa, abin da Shuttle bai da shi, kuma an gwada wannan a zahiri a Janairun 2020 da roka tana cikin gudu. Kafin nan a Afrilun 2019 wani kumbon ya yi bindiga a wajen gwaji a ƙasa babu kowa ciki, aka gano wani bawul ne ya bari sinadari ya zurara inda bai kamata ba, aka sake fasalin wurin. Sai ranar 30 ga Mayun 2020 Bob Behnken da Doug Hurley suka tashi a cikinsa zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya a nisan wajen kilomita 400, suka dawo a farkon Agusta.

Dawowar kuwa ba wasa ba ce, gindin kumbon na gogar iska har zafin ya haura digiri 1,500, garkuwar da ke wurin da gangan aka yi ta don ta riƙa ƙonewa a hankali tana tafiya da zafin, sai ƙananan lema biyu su buɗe su daidaita shi, manya huɗu su biyo baya, ya faɗa teku jirgin ruwa ya ciro shi. Ruwan gishiri kuwa kin san abin da yake wa ƙarfe da wayoyin lantarki. Don haka maganar a wanke a ba wani ba haka take ba, ana kai shi ma'aikata ne a buɗe shi a yi watanni ana bincike, abin da ya ci wuta a gindinsa a sabunta, a sa wasu lemomin, a gwada bawul-bawul da injuna, kuma sai injiniyoyin NASA sun sa hannu kafin ɗan adam ya sake shiga. Kumbon da Behnken ya hau, mai suna Endeavour, shi aka sake harbawa a Afrilun 2021 da mutum huɗu a kan rokar da ita ma ta taɓa zuwa, kuma cikin mutum huɗun akwai Megan McArthur, matar shi Behnken ɗin. Mutanen da suka fi kowa sanin cikin abin ke nan.

Sabo ma ba shi ne lafiya ba. Kumbon Boeing, Starliner, a gwajinsa na farko a Disamban 2019 agogon kwamfutarsa ya ruɗe bai ma kai tashar ba. A Yunin 2024 ya ɗauki Butch Wilmore da Suni Williams da niyyar su yi kamar kwana takwas, sai iskar hiliyom ta riƙa yoyo wasu ƙananan injunansa suka riƙa ɗaukewa, NASA ta ce ba za ta saka ransu a ciki ba, kumbon ya dawo babu kowa a Satumba, su kuma sai Maris 2025 suka dawo a Dragon bayan kwana 286. Ni na yaba da wannan hukuncin ƙwarai duk da kunyar da ya jawo, don irinsa ne aka kasa yankewa a 1986. Abin da ke damuna kawai shi ne yanzu kusan duk zirga-zirgar mutane daga Amurka ta rataya a wuyan kamfani ɗaya na mutum ɗaya, alhali tun farko an ba kamfani biyu ne don kar a shiga wannan halin.

TAMBAYA: Tunda ana maimaita amfani da su ai kuɗin ya sauka ko? Nawa ne kujera? Na ji ma wani ɗan Najeriya ya je. Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

AMSA: Alhaji ya sauka ga mai aika kaya, ga fasinja kam har yanzu sai gwamnatoci da manyan attajirai. A wani lissafi da aka yi a NASA, kai kilo ɗaya sama da Shuttle ya kai dala dubu 54, da Falcon 9 kuma bai kai dubu 3 ba. Amma kujera ɗaya a Dragon ofishin binciken kuɗi na NASA ya ƙiyasta ta a wajen dala miliyan 55, kuma kusan haka aka ruwaito attajiran da kamfanin Axiom ya kai tashar a Afrilun 2022 kowannensu ya biya.

Ɗan Najeriyar da ka ji shi ne Owolabi Salis, lauya, ya tafi a Yunin 2025 a kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin. Sai dai a bambance, wannan yana cillawa ne ya ɗan haura kilomita 100 a yi 'yan mintuna ana shawagi a dawo, duka tafiyar minti 10 zuwa 11. Shiga falaki kuwa, wato ka riƙa kewaya duniya ba ka faɗo ba, gudu yake buƙata, wancan kilomita 28,000 a awa da na faɗa a sama, shi ya sa kuɗinsu ko kusa ba ɗaya ba.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne daga Sakkwato, jikana ne ya rubuta min. An ce a can sama rana na fitowa ta faɗi sau da yawa a yini guda. To Musulmin da ya je ya zai yi da salla da azumi? Ko ba a taɓa samun wanda ya je ba?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. Abin da aka faɗa muku haka yake, tashar na zagaye duniya cikin kamar minti 90, don haka suna ganin fitowar rana sau 16 a awa 24. Kuma Musulmi sun je tun da daɗewa, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a 1985. Da ɗan Maleshiya Sheikh Muszaphar Shukor zai tafi a Oktoban 2007, tafiyar ta faɗo a ƙarshen Ramadan, sai hukumar addini ta ƙasarsu ta tara malamai da masana suka fitar da jagora, suka ce ya bi lokutan sallar wurin da aka harba shi a yi biyar ɗin nan kamar kullum, alƙibla ya fuskanta gwargwadon ikonsa, in ya kasa ya fuskanci duniya, in tsayuwa da sujada sun gagara saboda jiki na yawo ya yi da ishara, azumi kuma yana da damar ya ajiye ya rama in ya dawo.

A wannan kumbon na Dragon da muke magana ma an je, Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya tashi a Maris 2023 ya yi wata shida, azumi ya same shi a can, kuma tun kafin ya tafi ya shaida wa 'yan jarida cewa hukuncin matafiyi ne a kansa. A Mayun shekarar Rayyanah Barnawi da Ali AlQarni na Saudiyya suka same shi a tashar, ita Rayyanah mai binciken ƙwayoyin halitta ce, kuma ita ce mace ta farko daga Saudiyya da ta je. Ku gaida jikan naku da ya yi rubutun.

TAMBAYA: Ina aji uku a jami'a a Zariya, injiniyan lantarki nake karanta. Gaskiya in na ga waɗannan abubuwan sai jikina ya yi sanyi, mu da wutar karatu ma ke gagararmu, ina ruwanmu da kumbo? Akwai abin da ya shafe mu a ciki kuwa?

AMSA: Ƙanena na fahimci sanyin jikin nan, kuma ba zan ce maka gobe za mu ƙera roka ba. Amma bari in ba ka wani labari da mutane da yawa ba su sani ba. Ranar 3 ga Yunin 2017 aka harba kumbon Dragon na kaya zuwa tashar, kuma shi ne karo na farko da aka sake amfani da kumbon Dragon da ya taɓa zuwa, don wannan ɗin ya je a Satumban 2014 ya dawo. To cikin lodinsa akwai wasu ƙananan taurarin ɗan adam guda biyar, kowanne santimita 10 ta kowace fuska, nauyinsa wajen kilo ɗaya, ɗaya daga ciki shi ne NigeriaEduSat-1 na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tare da NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, wani kuma GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations da ke Koforidua a Ghana, sauran na Japan da Mongoliya da Bangladesh. Matasan injiniyoyi ne daga waɗannan ƙasashen suka haɗa su da hannunsu a cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, aka sake su daga tashar a watan Yuli, suka yi wajen shekara biyu suna kewaya duniya.

Ka kwatanta da da, NigeriaSat-1 a 2003 a Ingila aka ƙera shi aka harba daga Rasha, NigComSat-1 a 2007 China ce ta ƙera ta harba, ya mutu a 2008 sai a 2011 aka maye gurbinsa, duk harka ce ta gwamnati da maƙudan kuɗi. Yanzu kuwa saboda rokar na dawowa ana yawan tashi, a 2024 kaɗai rokokin Falcon sun tashi sau 134, har akwai tafiyar haɗaka da kowa ke sayen gurbi gwargwadon kayansa, ta farko a Janairun 2021 ta kwashi taurari 143 a tashi ɗaya, a 2025 kuma ana sayar da gurbin kilo 50 a kan dala 300,000 da ɗoriya. Kuɗi ne masu yawa, amma kuɗi ne da jami'a ko gwamnatin jiha za ta iya fitarwa in ta ga dama, don hotunan gonaki, ambaliya, kwararowar hamada ko janyewar Tafkin Chadi. Intanet ɗin Starlink da ya shigo Najeriya a Janairun 2023 ma da waɗannan rokokin masu dawowa aka jera taurarinsa.

Kuma abin da ke cikin ɗan ƙaramin tauraron nan karatunka ne zalla, batir ne da farantin sola da na'urar daidaita wuta da rediyo da ƙaramar kwamfuta. In kana son farawa tun yanzu ka nemi 'yar na'urar rediyon nan da ake sokawa a kwamfuta mai suna RTL-SDR, ba ta da tsada sosai, ku haɗa eriya da kai da abokanka da waya da bututun roba, ku fara kamo saƙon taurarin yanayi da na 'yan rediyon sa-kai in sun gifta ta saman Zariya, wani lokacin ita kanta tashar tana aiko da hotuna a zangon rediyo na 145.800 MHz kowa ya kama. Ka kai wa malamin da ke duba furojet ɗinku wannan shawarar tun kafin ka shiga aji biyar, in kun kamo wani abu kuma ka turo mana hoton mu buga a wannan fili.